Ba Kowace Shara Ake Zubarwa a Juji Ba

Ina so in yi amfani da wannan fili in ɗan yi bayani a kan sharar da muke fitarwa daga gidajenmu a nan birnin Sakkwato. A ganina shara iri uku ce, watau mai ruɓewa, da wadda ake sake amfani da ita, da mai guba.

Mai ruɓewa ita ce irin su ɓawon albasa da toka da kashin awaki. Tun da daɗewa manoma suke kwasar irin wannan a kan jakuna zuwa fadamun gulbin Rima don yin taki.

Ta biyu kuwa kuɗi ce a kwance. 'Yan jari-bola suna bin unguwanni kamar Mabera da Runjin Sambo suna sayen tsofaffin ƙarafa da robobi. Maƙera suna narka gorar-ruwa su zuba tukwane, ana yanka tsohuwar taya a yi takalma, ana kuma mai da gwangwani fitilar aci-balbal. Leda dai ita ce ta fi ba mu wahala. Tana toshe magudanar ruwa da damina, kuma in jar akuyarmu ta Sakkwato ta haɗiye ta, sai ta cushe mata tumbi, ta yi ta ramewa har ta mutu.

Ta uku ita ce abin tsoro. Tsohon batirin mota ko na sola yana ɗauke da dalma da ruwan batir mai ƙona fata. Dogon ƙwan lantarki mai farin haske akwai zaiba a cikinsa, in ya fashe sai a shaƙe ta ba a sani ba. Akwai kuma kwalaben fiya-fiya, da maganin ɓera, da baƙin mai, da magungunan asibiti waɗanda lokacinsu ya wuce. In an zubar da su a juji, ruwan sama yakan wanke gubar ya shigar da ita ƙasa, har ta kai ga rijiya. In kuwa an cinna musu wuta, hayaƙin ya shiga huhunmu.

Mun ga illar dalma a maƙwabtanmu. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Dalmar da ta kashe su ita ce wadda ke cikin batir. Yaron da ya tsira ma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa, karatu ya riƙa yi masa wuya.

To, mene ne abin yi? Rigakafi dai ya fi magani. Kada a fasa batir a gida, a mayar da shi cur ga masu sayar da sababbi, don sukan karɓa su rage kuɗi. Kada a zuba man gyaɗa ko ruwan sha a mazubin maganin ƙwari, ko an wanke shi. A huda shi yadda ba zai ƙara amfani ba. Kada kuma a ɗura fiya-fiya a kwalbar lemo, gama ƙaramin yaro ba ya bambancewa. Tsohon magani a tambayi ma'aikatan asibiti yadda za a yi da shi. Duk waɗannan a ajiye su a sama, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon masu unguwanni da duba-gari su keɓe wuri guda na tara shara mai guba a kowace unguwa. Mu kuma ɗalibai, in mun je hutu, mu karanta wa iyayenmu gargaɗin da ke jikin kwalabe, tun da yawancinsa da Turanci ake rubutawa. Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu, amin.