A Taka Ƙasa a Nemo Tarihin Matan Kabi

Ka tambayi ɗan sakandare a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ya lissafo maka manyan ƙasar nan, nan take zai kawo Kanta da Malam Abdullahin Gwandu da Yakubu Nabame. Ka ce ya ambaci mace ko ɗaya, sai ya hau sosa ƙeya. Haka aka koya masa. A birnin Boston na Amurka malaman makaranta da ɗalibansu sun lura da irin wannan giɓi, a 1989 suka tsara hanyar da ake bi da ƙafa, ana tsayawa a wuraren da mata suka yi abin tarihi. Matasanmu ma za su iya, kuma ba sai sun jira kuɗin gwamnati ba.

Mu a nan tattaki don ilimin mata tsohon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, tana 'yar shekara goma sha biyu jama'ar mahaifinta suka sauka Gwandu a 1805. Da ta girma a Sakkwato ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malafa da jan ƙyalle. Jajin ce ke jagorantar tsofaffi da 'yan matan da ba su kai aure ba, su tako da ƙafa ta cikin daji, ɗauke da zuma da hatsi da man shanu, su zo su haddace waƙoƙin da ke koyar da tsarki da salla da zaman aure, su koma su karantar da matan da hidimar gida ta riƙe. Kyautar da suka kawo kuma mabukata ake raba wa. Shehu da kansa ya soki malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Asma'u ta rasu a 1864, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Duk mai cewa neman haƙƙin mace ya zo ne da Turawa, a fara karanta masa wannan.

To, ina za a tsaya a cikin gari? A ganina, zangon da ya fi kowanne daraja shi ne makarantar firamaren da ake kafa rumfar zaɓe. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa an hana su. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara shiga layi, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu. Wadda ta yi zaɓe a wannan karo na farko tana da shekara ashirin da 'yan kai yanzu ta kai saba'in, kuma wataƙila tana nan bayan katangar gidanku tana jan carbi. Wa ya raka ta? Maigida ya yarda, ko sai da aka kai ruwa rana? Da rana ta fita ko sai da duhu ya shiga? Ba za ka sami wannan a littafi ba.

Daga nan a biya ta ƙofar kotun shari'a, a nemi wani malami ya bayyana tumunin takaba da sadaki da hul'i, don yara su ji abin da addini ya riga ya ba mace wanda dangin miji kan danne. A gangara wajen matan da ke gumin shinkafa a tambaye su wa ke riƙe cinikin. Argungu kam sai an hau mota, amma a gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, bayan an kalli masu da takubba da kayan su, a tambayi mai rakiya ina sashen mata yake, su wa suka zauna a ciki.

Abin yana da ladabinsa. A fara gai da mai unguwa a faɗa masa nufi. 'Yan mata ne za su yi sallama su shiga ciki, samari su dakata a zaure. A riƙe ɗan goro ko sabulu, a durƙusa a ce "Inna, mun zo ki ba mu labari." Kada a ɗauki murya ko hoto sai ta amince, kada kuma a wayi gari ta ga kanta a TikTok.

Malaman tarihi da shugabannin ƙungiyoyin matasa na Nasarawa, ku zaɓi Asabar ɗaya kafin zafin bazara, ku fito da yaran nan da biro da littafi. Tsofaffin da suka ga zaɓen 1976 kullum raguwa suke yi.