Mawaƙi Ya Tsufa, Wani Ya Mutu, Amma Tikiti Na Ƙarewa: Me Ake Saya a Wasan Rok?

Ranar 5 ga Yuli, 2025, filin ƙwallon Villa Park da ke Birmingham ya cika maƙil, kuma ba Aston Villa ce ke wasa ba. Wasu dattawa huɗu aka zo kallo, 'yan ƙungiyar Black Sabbath, waɗanda suka fara kiɗa tare a wannan gari tun 1968. Mawaƙinsu, Ozzy Osbourne, yana da shekara 76, cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa, don haka a zaune kan kujera ya yi waƙa. Kwana 17 bayan nan ya rasu.

Wanda ya ga bidiyon a waya zai iya cewa, to meye abin kashe kuɗi a nan? Ga waƙoƙin nan kyauta a YouTube, da muryar saurayi ma, ba ta tsoho ba. Abin da ya fi ɗaure kai, akwai waɗanda ke biyan kuɗi su kalli mutanen da ba su ne masu waƙar ba, kwaikwayonsu kawai suke yi, kuma kowa a wurin ya san haka. Amsar wannan tambaya ta shafe mu, mu da muke haɗa kuɗin dina da na makon ɗalibai a gayyato mana mawaƙi.

Wane kiɗa ne wannan?

Rok ɗin 'yan mazan jiya, wanda Turawa ke ce wa "classic rock", kiɗa ne na ƙungiyoyin Ingila da Amurka da Ostareliya da suka yi tashe daga shekarun 1960 zuwa na 1980. Su The Beatles, The Rolling Stones, Led Zeppelin, Pink Floyd, Queen, AC/DC da makamantansu. Yawanci mutum huɗu ne ko biyar: mai waƙa, mai jitar lantarki, mai jitar bas mai kaurin sauti, mai ganguna, wani lokaci da mai fiyano. Su suke rubuta yawancin waƙoƙinsu, su kaɗa da hannunsu. Shi ya sa a wajen masu son wannan kiɗa, faifai rabin labari ne. Ƙungiya ba ta cika ƙungiya ba sai an ga abin da za ta iya a gaban jama'a.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na Queen a taron Live Aid, ranar 13 ga Yuli, 1985, a Wembley, taron da aka shirya don tara kuɗin agajin yunwar Habasha. Mutum kimanin 72,000 ne a filin, kuma minti ashirin da 'yan kai aka ba Queen. Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, ya riƙa jefa wa jama'a murya suna amsa masa, fili guda ya koma 'yan amshi. Wannan ba ya cikin faifai. Ba za ka same shi a iyafis kana kwance a hostel ba.

Yadda ake haɗa sautin

'Yan sashen lantarki, wannan naku ne. A 1965 The Beatles sun yi wasa a filin Shea da ke New York gaban mutum sama da 55,000, amma kayan sautin lokacin ba su kai ƙarfin ihun 'yan kallo ba. Su kansu makaɗan ba sa jin abin da suke kaɗawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa suka daina zagayen wasa a watan Agustan 1966.

Yau an wuce nan. Kowace ganga da makirufonta, kowace jita da layinta, duk su taru a teburin haɗa sauti da ke tsakiyar 'yan kallo, inda injiniya ke daidaita abin da jama'a za su ji. Akwai wani injiniyan daban a gefen dandamali, aikinsa shi ne abin da makaɗa ke ji ta ƙananan na'urorin da ke cikin kunnuwansu. Lasifikoki kuwa ana rataya su ne a jere daga sama zuwa ƙasa, a ɗan lanƙwasa jerin, don na gaba kada ya kurumce, na baya kuma ya ji. A manyan filaye akan kafa wasu lasifikokin can baya, a jinkirta sautinsu kaɗan, saboda sauti na tafiyar mita 340 ne kawai a daƙiƙa. In ba a jinkirta ba, na baya zai ji kowace kalma sau biyu.

Ƙarar tana da farashi fa. Pete Townshend na The Who ya daɗe yana fama da ciwon kunne. A 2016 likitoci suka gargaɗi Brian Johnson na AC/DC cewa in bai dakata ba zai iya kurumcewa gaba ɗaya, sai Axl Rose ya ƙarasa musu zagayen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa matsakaicin ƙara a wuraren wasa kada ya wuce desibel 100. Mai tsayawa jikin sifika a wajen dina, a kula.

Idan ɗaya ya faɗi

Matsalar ƙungiyar da ta shekara hamsin ita ce mutane na mutuwa, wasu su yi faɗa su rabu. Daga nan kowace ƙungiya sai ta zaɓi hanyarta.

Led Zeppelin sun zaɓi rufe shago. Mai gangunansu John Bonham ya rasu a Satumban 1980, kafin shekarar ta ƙare suka sanar cewa ba za su iya ci gaba babu shi ba. Da suka haɗu don cikakken wasa guda ɗaya a zauren O2 na Landan a Disamban 2007, ɗansa Jason ne ya zauna kan gangunan. An samu buƙatun tikiti kusan miliyan 20, ga zauren da bai wuce ɗaukar mutum 20,000 ba.

The Rolling Stones, waɗanda suka fara a 1962, sun zaɓi ci gaba. Mai gangunansu Charlie Watts ya rasu a 2021, suka ɗauko Steve Jordan, a 2024 kuma Mick Jagger ya zagaya filayen Amurka yana da shekara 80. Queen ma, bayan rasuwar Freddie a 1991, sun dawo daga baya da wani mawaƙi, amma ba su ɓoye ba. A jikin tikiti "Queen + Adam Lambert" ake rubutawa, don ka san abin da ka saya.

Sai kuma irin su Lynyrd Skynyrd na Amurka. Haɗarin jirgin sama ya kashe mawaƙinsu Ronnie Van Zant a 1977. A 1987 aka sake haɗa ƙungiyar, ƙanensa Johnny ya karɓi makirufo. A Maris 2023 Gary Rossington, na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa ta, ya rasu. Har yanzu ana wasa da sunan, ba ko mutum ɗaya daga cikin na farko.

A nan ne musu yake tsakanin masoya. Wasu na cewa ai kamar kulob ɗin ƙwallo ne: babu ɗan wasan Arsenal na 2004 da ya rage a fili, amma ba wanda ya ce Arsenal ɗin yanzu jabu ce. Wasu su ce a'a, ƙwallo daban, waƙa daban, domin waƙa daga maƙogwaron mutum guda ta fito. Mu ma mun san irin wannan musun. Babban makaɗi ya rasu, ɗansa ko wani cikin 'yan amshinsa ya gaji kayan kiɗa da waƙoƙi, wasu su ce ya gado, wasu su ce inaa, ba a kama ƙafar baba ba.

Makwaikwaya

To, sai mu zo ga waɗanda Turawa ke kira "tribute", wato masu girmamawa. Makaɗa ne da suka ɗauki ƙungiya guda suka mayar da waƙoƙinta sana'arsu. Ba su da dangantaka da masu waƙar. Suna zama su haddace kowane bugu, su nemo irin jitar da irin amfilifayar zamanin, wasu har da tufafi da aski da yadda mawaƙin ke tafiya a dandamali.

Ba sata ba ce, akwai doka a kai. Zauren da ake wasan yakan biya lasisi ga hukumomin da ke karɓar wa marubuta waƙa haƙƙinsu, kamar PRS a Ingila, ko ASCAP da BMI a Amurka, kuɗin kuma ya koma ga masu waƙar ko magadansu. Abin da ba a yarda ba shi ne ka sa mutane su zaci ku ne na ainihi. Shi ya sa sukan murɗa sunan: The Bootleg Beatles, Brit Floyd, The Iron Maidens, waɗanda mata ne zalla masu kaɗa waƙoƙin Iron Maiden.

Me ya sa ake zuwa kallonsu? Na farko, kuɗi da kusanci. Tikitin babbar ƙungiya a filin ƙwallo kan kai ɗaruruwan daloli, ka kuma ƙare kana kallon majigi saboda nisa. Makwaikwaya kuwa a ƙaramin zauren garinku za su zo, kana ganin yatsun mai jita.

Na biyu, wani lokacin su kaɗai ne hanyar da ta rage. The Beatles sun fitar da kundin Sgt. Pepper a 1967, bayan sun daina zagaye, don haka ba su taɓa yawo da waƙoƙinsa ba. The Bootleg Beatles, da aka kafa a 1980, suna kaɗa irin waɗannan waƙoƙi a dandamali tare da masu goge da masu busa. The Beatles na gaskiya shekara goma suka yi, makwaikwayansu sun haura arba'in.

Na uku, kuma wannan ba kowa ke son ji ba: murya na tsufa. Tsofaffin mawaƙa da yawa kan sauke waƙa ƙasa don su iya kaiwa. Matashi mai kwaikwayo kan rera ta daidai yadda take a faifai.

Su ma masu waƙar sukan yaba. The Australian Pink Floyd Show, da aka kafa a Adelaide a 1988, su aka gayyata suka yi wasa a bikin cikar David Gilmour na Pink Floyd shekara 50 a 1996. Ka ga mai abu ya zauna ana kaɗa masa abinsa.

Akwai ma waɗanda kwaikwayo ya kai su gidan. Tim Owens yana waƙa ne a wata ƙungiya mai kwaikwayon Judas Priest a jihar Ohio, sai bidiyonsa ya faɗa hannun Judas Priest ɗin, suka ɗauke shi mawaƙinsu a 1996, ya riƙe har 2003. Arnel Pineda kuwa ɗan Filifin ne da ya yi kwanan titi a Manila yana yaro, ya girma yana rera waƙoƙin wasu a gidajen rawa. A 2007 Neal Schon na ƙungiyar Journey ya gan shi a YouTube, aka kira shi Amurka, ya zama mawaƙin Journey. To wannan ina za ka sa shi, na ainihi ko makwaikwayi?

Inda layin yake

In ka duba da kyau, masu zuwa waɗannan wasanni ba su cika damuwa da a canza mutum ba, muddin an faɗa musu. Abin da ba sa yafewa shi ne a ce musu ana waƙa alhali faifai ke yi. A 1990 an ƙwace wa Milli Vanilli kyautar Grammy bayan ta bayyana ba su ne suka rera waƙoƙin kundinsu ba, motsa baki kawai suke yi. Ko a yau, duk lokacin da aka zargi wata ƙungiyar rok da saka muryar da aka naɗa, sai rigima ta tashi tsakanin masoya.

Kwatanta wannan da ABBA Voyage, wasan da aka buɗe a Landan a 2022. A can ba mawaƙan ne a dandamali ba, siffofinsu ne na ƙuruciya da aka ƙera da kwamfuta, sai makaɗa goma na gaske da ke kaɗawa a gefe. Ba wanda ya yi ƙorafin yaudara, don an sanar tun kafin a sayar da tikiti. Ƙungiyar Kiss ma, a daren wasansu na ƙarshen zagaye a New York a Disamban 2023, sun nuna nasu siffofin na kwamfuta.

Wato abu biyu ake saya. Ɗaya, a ga mutum yana yin abu mai wuya a gabanka, wanda zai iya kuskurewa a kowane lokaci. Ɗayan kuma, a rera waƙar da aka sani tare da dubban mutanen da su ma suka san ta. Tsoho a kan kujera yana ba da duka biyun. Makwaikwayi mai gaskiya ma haka. Mai motsa baki kan faifai yana iya ba da na biyu, amma na farko bai ba ka ba, kuma sau da yawa kuɗin na farkon ya karɓa.

Mun sha gani a wajen dina da gala: a gayyato mawaƙi, DJ ya saki waƙar da muryarta da komai, shi kuma ya riƙe makirufo yana mamin, jefi-jefi ya ce a ɗaga hannu. Ba laifi ba ne in haka aka yi ciniki, kuma kayan kiɗa da injiniya suna da tsada, ga matsalar wuta. Amma kuɗin da ake biya daga aljihunmu ya fito. Kwamitin shagalin bana, kafin a sa hannu da kowane mawaƙi, a tambaye shi: da bakinka za ka yi, ko mamin ne? Amsar da ya bayar, a rubuta ta a jikin fosta, kusa da kuɗin tikiti.