Fartanyar da Aka Auna da Jiki: Ina Gaskiya, Ina Zuƙi-ta-Malle?

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Sinja a watan Nuwamba na 2024, suka kuma shiga Wad Madani a Janairun 2025, mutanen da yaƙi ya tarwatsa suke ta komawa ƙauyukansu na Jazira da Sinnar. Da yawa sun tarar an yi awon gaba da tarakta, an kwance injin ban-ruwa, rumbu kuwa ko ƙwaya babu. Manomin da ya saba biyan mai tarakta ya koma riƙon ƙota da hannunsa. Da ƙota ta dawo hannu sai tsohuwar gardama ta dawo dandali: a sayi fartanya a kasuwa a wuce gona, ko a je maƙera a sa a ƙera ta daidai jikin mai ita? Masu goyon bayan maƙera suna ɗora wa ta awo abin da ba za ta iya ba, masu kushe ta kuma suna cewa almubazzaranci ne kawai. A bakin kowane ɓangare akwai gaskiya, akwai kuma ƙari.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai ƙarfe duk ƙarfe ne, jiki ne ke sabawa da kayan aiki. Rabin farko ƙarya ne, rabi na biyu kuma gaskiya ce mai tsada. Jiki yana sabawa, amma da ƙugu da kafaɗa yake biyan kuɗin sabon. Fadan ɗaya, wato ma'aunin gona a Sudan, murabba'in mita 4,200 ne. A ƙaddara faɗin ruwan fartanya santimita 20 ne, kowane ja kuma yana share rabin mita. Ke nan sai an kai hannu sau 42,000 kafin a nome fadan guda. Idan fartanyar ta fi ƙarfin mai ita da rubu'in kilo kacal, ya ɗaga rarar da ta haura tan 10 a banza kafin ya fita daga wannan fadan. Hawasha kuwa, wato gonar da manomi ke riƙe da ita a Jazira, ba fadan ɗaya ba ce, kuma ba sau ɗaya ake nome ta ba. Abin da ba ka ji a sara na farko shi ne ke hana ka miƙewa bayan la'asar.

Abubuwa huɗu ne ƙwararren maƙeri ke dubawa, ko da bai jera su da baki ba: tsawon ƙota, kaurinta, nauyin ruwan, da yadda ruwan ya karkata daga ƙota. Na ƙarshen nan shi ne wanda mai saye a kasuwa ba ya lura da shi, alhali shi ne kan gaba. Idan ruwan ya rusuna sosai ya kusanci ƙota, fartanya takan yi ta shafar ƙasa tana zamewa, sai mutum ya ƙara duƙawa kafin ta ci. Idan kuma ya buɗe da yawa, sai ta riƙa nutsewa tana kafewa a laka, kowane sara sai an fizgo ta. Maƙerin da ya san aikinsa ba ya tambayar tsawonka da mita. Zai miƙo maka wata tsohuwa ya ce, "Ɗana, taɓa ƙasa in gani." Kana sara yana kallon inda gwiwar hannunka ta tsaya da inda bakin ƙarfen ya sauka. Sannan ya tura wutsiyar ruwan cikin gawayi, yaro ya ja zugazugi har ta yi ja, ya ɗora a kan uwar maƙera ya ba ta masaba biyu ko uku. Kafin ya huda kan sabuwar ƙota da wutsiyar mai zafi, sai ya sa ka damƙe ta. In babban yatsanka ya haɗu da na tsakiya ba tare da sun hau juna ba, kaurin ya yi. A awon zamani wannan yakan faɗo tsakanin santimita 3 zuwa 4 ga yawancin manya. Wadda ta fi haka kauri tana gajiyar da yatsu, siririya kuma tana juyawa a tafi ta tayar da bororo.

Kada a ɗauka wannan sai talakan ƙauye. Masu buga golf a filayen Kano da Kaduna da Jos, da takwarorinsu na Turai da Amurka, suna irin wannan muhawara a kan sandar da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita. Ta kanti takan zo da tsawon inci 33 zuwa 35, mai kuɗi kuwa yakan biya a auna masa tsawo da nauyi da kaurin mariƙi da karkatar kai, wato abubuwan nan huɗu na maƙeri. Kamfanin PING na Karsten Solheim tun 1972 ya fito da tsarin ɗigo mai launi don daidaita sanda da tsayin mai ita. Abin da masu gaskiya a cikinsu ke faɗi shi ne awo yana kawar da cikas, amma bai taɓa koya wa kowa saiti ba. Haka abin yake a gona.

Daga nan ne ƙarin gishirin ke farawa. Ana cewa fartanyar awo tana ninka amfanin gona. Wannan zuƙi-ta-malle ne. A Jazira abin da ke yanke hukuncin auduga da dawa da gyaɗa da alkama shi ne ruwa: ko ya iso abu ishirin, wato ƙaramar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, a kan kari, ko laka da ciyawa sun toshe babbar hanyar ruwa tun daga sama. Bayan ruwa sai iri, sai taki, sai ƙwari. Abin da fartanya mai kyau ke iya yi shi ne ta sa ka gama noman fari kafin ciyawa ta sha kan shuka, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin makonnin farko ne ciyawa ke yin ɓarnarta mafi muni. Amma gonar da ƙuduji ya kama, wanda Larabawa ke kira buda, ko da zinariya aka ƙera maka fartanya ba za ta cece ta ba, domin tun a ƙarƙashin ƙasa yake manne wa saiwar dawa yana tsotsa kafin ido ya gan shi.

Haka nan maganar cewa tana warkar da ciwon baya. Tana rage abin da ke jawo shi, wannan gaskiya ne. Warkarwa kuwa ba aikin maƙeri ba ne. Wanda ciwon ƙugunsa ke sauka har ƙafa, ko ƙafar ke mutuwa, ko yake ganin jini a fitsari ko a bayan gida, asibiti ya kamata ya nufa. Tsargiya ta daɗe da zama a hanyoyin ruwan Jazira, kuma sauya ƙota ba ya kashe ta.

Akwai wata maganar da ta fi waɗannan daɗin ji, don tana sosa mana inda ke ƙaiƙayi: wai ƙirar gida, ta kakanni, ita ce ta fi kowace a ko'ina. Kakannin nan da ƙasarsu suka auna kayansu. Waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kudu da Sinnar, da alhazan ƙafa da suka yada zango suka zauna, da waɗanda aikin auduga ya jawo bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, yawancinsu daga ƙasar jigawa suka fito, inda rairayi ke bin fartanya ba gardama. Ƙasar da suka tarar baƙar laka ce. Da rani ta daddare har ƙafar yaro ta faɗa, in ta sha ruwa kuma ta manne wa ƙarfe ta ƙi saki. Ruwan fartanya mai faɗi da laushi, wanda ke tashi da kunya guda a Katsina ko Damagaram, a nan sai ya ɗauko laka ya yi nauyin da ba a iya ɗagawa, ko ya lanƙwashe a busasshiyar ƙasa. Shi ya sa manomin wannan yanki ke da toriya mai kauri don sara da gyaran hanyar ruwa, da malod mai dogon hannu don shema, da salluka don huda ramin shuka. Ita sallukar ma tana da nata awon: in matakinta ya yi sama da yawa, gwiwa ce za ta gaya maka kafin azahar. Har a cikin gari ɗaya, mai lambu a gaɓar kogi wajen Rusairis ko Damazin, inda ambaliya ke barin ƙasa mai taushi, ba kayansa ɗaya da mai noman damina a fili ba. Ciyawa ma tana da ta cewa. Aya-aya da kiri-kiri suna ajiye ransu a ƙarƙashin ƙasa, don haka kankare su ta sama aski ne kawai, sai an sa abin da ke shiga ciki. Saboda haka idan maƙeri bai tambaye ka ina gonar take ba, awon nasa rabi ne.

To nauyi fa? Masu cewa mai nauyi ita ce ta maza, ita ke aiki, sun yi gaskiya a wuri ɗaya: wajen fasa busasshiyar laka, nauyin ƙarfen ne ke shigar da shi, mara nauyi sai ta riƙa tsalle tana dukan hannu. Wajen noman ciyawa kuwa nauyi asara ce tsantsa, lissafin da muka yi a sama ya isa shaida.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce cewa dogon hannu na malalata ne, wai manomin kirki sai ya duƙa. An ji kirarin noma, na-duƙe tsohon ciniki, an mai da shi doka. Amma manoman arewacin Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna nome gero a tsaye da doguwar hauya da ake turawa gaba, ba kuwa wanda ya isa ya kira su ragwaye. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a 1975, hukuma ta haramta sa leburorin gona aiki da gajeriyar fartanya, bayan an kai ƙara kotu likitoci sun ba da shaidar yadda take lalata ƙashin baya. Wani bincike da hukumomin IFAD da FAO suka fitar a 1998, a kan kayan noman mata a Burkina Faso da Senegal da Uganda da Zambiya da Zimbabuwe, ya tarar da wannan camfin na lalaci a wurare da dama. Ya kuma tarar da abin da kowa ya sani a gidajenmu: maza ne ke zuwa sayen kayan, mata ne ke wuni da su, maƙera kuwa ba kasafai suke jin ta bakin matan ba. Ba ina cewa a jefar da gajeriyar ba. Tsakanin shukar albasa ko tumatir, inda kuskuren yatsa ɗaya ke yanke saiwa, ita ce ke ba ido da hannu iko. Abin da ba shi da tushe shi ne mai da ita ma'aunin himma.

Batun ƙarfen kansa kuma an cika shi da almara. Wasu na cewa duk abin da ya fito daga masana'anta gwangwani ne, wasu na cewa maƙerin ƙauye tarkacen bola yake sayar wa mutane. Duka biyun kuɗin goro ne. Akwai fartanyar masana'anta mai nagarta, irin ta Chillington mai tambarin kada da aka daɗe ana amfani da ita a Afirka, akwai kuma ta banza da aka shafa wa fenti. A maƙera ma haka: wanda ya ƙera da sifirin ɗin babbar mota ya ba ka ƙarfen da ke ɗaukar tauri ya riƙe kaifi, wanda ya yanko gindin durom ya ba ka abin da ko an tsoma shi sau goma ba zai yi tauri ba, don sinadarin kabon da ke cikinsa kaɗan ne. Ruwan da ake tsoma ƙarfe kuma ba wani asiri a ciki. Ruwa yana sanyaya shi da gaggawa, ya yi tauri amma yana iya tsagewa, mai kuwa yana sanyaya shi a hankali. Gwaninta ita ce sanin launin da za a cire shi daga wuta, da sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi. Gwajin ba wuya: goga magagari a bakin. In ya ci shi kamar sabulu, ya yi laushi. In ya zame sam bai kama ba, ya yi tauri da yawa, ranar da ya haɗu da dutse zai ɓalle. Wanda ake so shi ne wanda magagari ke kamawa da ƙyar.

Saura tsada, wadda ita ce hujjar masu cewa a bar zancen. Gaskiya ne ƙira ta musamman ta fi ta tebur kuɗi, kuma sai an jira. Abin da ba a faɗi shi ne yawancin awon ba ya bukatar a ƙera sabon ruwa. Ana iya sayen ruwa mai kyau a kasuwa, a kai maƙeri ya gyara karkatarsa ya sa masa ƙotar aduwa ko ta bagaruwa wadda ta bushe sarai. Ɗanyar ƙota tana bushewa ramin ya buɗe, ruwan ya fara girgiɗi, wata rana ya fice ya nufi ƙafar na kusa. Tsohuwar fartanyarka ma tana ɗauke da bayanin da maƙeri ke so: in kusurwa ɗaya ta fi cinyewa, ko ƙotar ta karkace ko hannunka yana sauka a gicciye, kuma inda gumi ya yi wa ƙota santsi nan ne ainihin inda kake riƙewa. Awon kuma ba na har abada ba ne. Yaron bana ba shi ne na baɗi ba, dattijon da bayansa ya fara ƙagewa kuma yana bukatar ƙarin tsawo da ragin nauyi.

Wa ya kamata ya biya kuɗin awo ke nan? Namiji matsakaicin tsayi, mai 'yan kunyoyin kuɓewa a bayan gida, ya sayi ta kasuwa ya yi gwajin magagari, ta ishe shi. Wanda ke wuni a hawasha ko yake ƙodago a gonar wani, da mata, da yara masu tasowa, da dogo sosai ko gajere sosai, da bahagon da ke fama da laujen da aka wasa don na-dama, su ne kuɗinsu ba zai tafi a banza ba. Maigida, kafin damina ta kankama, in za ka maƙera ka tafi da tsohuwar fartanyar, ka kuma tafi da wanda zai riƙe sabuwar. In uwargida ce ba za ta samu zuwa ba, a yanko kara daidai tsawon da take so, a kuma kai ƙotar da ta fi jin daɗin riƙewa maƙeri ya gani.