Matajin Ƙashi: Daga Fusɗaɗ Zuwa Ƙasar Gobir

Irin ƙashin da mahauta ke watsarwa a kasuwar Isa, a farkon Musulunci jari ne a hannun masassaƙa. A Fusɗaɗ, birnin da Amru ɗan Asi ya kafa a Masar a 641, masu haƙar kayan tarihi sun tono mataji, da tsinken kwalli, da gululun mazari, da 'yar tsana, da yawansu na ƙashi.

Aikin na mai haƙuri ne. Akan ɗauki ƙashin ƙafar saniya ko raƙumi, a dafa shi har maiƙo ya fita, a tsaga, a goge, sannan a yanka haƙora da siririn zarto. Matajin kan zo da baki biyu: manyan haƙora na warware gashi, ƙanana na fid da ƙwarƙwata. A tsakiya ake zuba ado, galibi ɗigo cikin da'ira. Hauren giwa kuwa na 'ya'yan sarauta ne, kamar battar da aka sassaƙa wa Mugira ɗan Halifa Abdurrahman na Uku a Andalus a 968, wadda ke gidan tarihin Louvre a Faransa. Ƙashi shi ne hauren talaka. Kula da gashi ma ba ƙawa kaɗai ba ce, domin Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha takan taje wa Annabi (SAW) kai ko yana i'itikafi.

Ƙasar Gobir ma ta san darajar ƙashi. Allin da tsofaffi ke shafawa a yatsa wajen kaɗi, ƙashi ne aka ƙona. Ga matsefatar makitsiya, ga tandun kwalli, ga munduwa da murjani. Tarihin Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, da sunan sarakuna irin su Bawa Jangwarzo da Yunfa ake ba da shi, amma zaman matan birnin sai irin waɗannan kaya ke iya faɗa.

Yau matajin roba ya cika kasuwa, rashin tsaro kuma ya raba ƙauyuka da dama na Sabon Birni da Isa da mutanensu. Wanda ya gaji kayan kakarsa ya adana, ya tambayi tsofaffi sunansu da amfaninsu. Manomin da garmarsa ta tono wani abu a kufai kada ya sayar wa dillalai. Ya sanar da hakimi, ko Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.