Daga Gungume Zuwa Tebur: Amfanin Itacen Da Iska Ta Kayar

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Wudil a farkon damina ba zai rasa ganin itatuwan da iska ta tumɓuke ba. Kafin a yi kwana biyu masu gatari sun faskare su, gungumen da ya shekara talatin yana girma ya ƙare a murhu cikin mako guda. Alhali kuwa yanki ɗaya daga gindinsa ya isa a yi ƙaramin tebur na falo wanda zai kai ga jikoki.

Sassaƙa ba baƙuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa. Da gizago masassaƙa suke fitar da turmi da akushi, kuma sun san halin kowane itace. Ƙirya tauri gare ta, maɗaci yana da jan launi mai kyau, darbejiya kuwa ba ta cika cin gara ba. Kuka dai ba ta shiga wannan lissafi, domin jikinta laushi ne.

Da farko a yanke faifan gungumen da zarto, kaurinsa kamar inci uku. Daga nan sai babbar jarrabawa, watau busarwa. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, kuma yayin da yake bushewa yakan tsuke ta kewaye kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga tsakiya zuwa baki. Wannan ne dalilin da ya sa faifai yake tsagewa. Wanda ya shanya shi a rana, ko ya bar wa iskar hunturu, ya yi asara. Abin da ya kamata shi ne a shafe fuskokinsa biyu da kakin zuma, a ajiye shi a inuwa bisa duwatsu. Kafintoci sukan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri.

In ya bushe, a ɓare ɓawon, a goge fuskar da sanfefa har ta yi sumul. Tsagar da ta fito a cike ta da garin katako da gam, sa'an nan a shafa mai. Ƙafafu uku sun fi huɗu, domin ba sa girgiɗi ko da daɓen ba daidai yake ba, kuma mai walda zai iya haɗa su.

Amma fa wannan ba izinin sare itace mai rai ba ne. Kano na cikin jihohi 11 da hamada take yi wa barazana, abin da ya sa ta shiga shirin katangar itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil suna da abin nazari a nan. Wanda kuma ya ci moriyar itacen da ya faɗi, haƙƙi ne a kansa ya dasa wani a gurbinsa.