Mai Mashaya da Ɗan Doka: Abin da Silimar Kaboyi Ke Koyarwa

Dattawan da suka shiga gidan silima a zamanin samartakarsu ba su manta da fim ɗin kaboyi ba. Yawancinsu dawaki da bindigogi suke tunawa. Amma akwai wani irin kaboyin da ake yinsa cikin gari, babban ɗan wasansa kuwa mai mashaya ne: mutum mai fara'a, mai tufafi masu tsada, wanda gidansa na giya da caca ya fi gidan shari'a cika.

A shekarar 1939, Holiwud ta Amurka ta fitar da irin wannan fim guda biyu, Dodge City da Destry Rides Again. Na biyun shi ya fi kusa da zaman ƙauyukanmu. Kent, mai mashayar garin Bottleneck, ya yi wa wani mai kiwo maguɗi a wasan karta, ya cinye filinsa. Nufinsa shi ne ya mallaki hanyar shanu, duk garken da zai wuce sai ya biya shi kuɗi. Shugaban ƴan doka ya nemi bin kadi, aka kashe shi. Magajin gari, wanda yake yaron Kent ne, ya naɗa wani mashayi a madadinsa, don kada kowa ya ɗaga kai.

Sai ga Destry, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa, ya zo aikin doka ba bindiga a ƙugu, mutane suna yi masa dariya. Bai iya mayar wa mai kiwon filinsa ba, domin takarda tana hannun Kent. Sai ya bi sawun kisan kai da haƙuri, yana tara shaida. Da aka kashe ubangidansa ya ɗauki bindiga, amma matan garin ne suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, da sanduna da kayan madafa, suka afka wa mashayar.

A Nijar, samari da yawa hula da harbi kawai suka ɗauko daga waɗannan finafinai. Moustapha Alassane ya nuna haka a 1966 cikin Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hana ƙauyensu zaman lafiya. Marigayiya Zalika Souley tana cikin ƴan wasan.

Manomin Agiye ko na Gazawa, inda mutane suka yawaita gonaki suka ƙuntata, zai gane labarin Kent nan da nan. Ya san yadda gona ke fita hannun mai ita ta hanyar bashi da jingina lokacin da rumbu ya ƙare. Makiyayi ma ya san abin da ke faruwa idan aka nome burtali. A watan Oktoba na 1991, a Toda ta yankin Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan wajen mutum 100, yawancinsu mata da yara.

A 1993 hukuma ta kafa dokar filayen karkara. Ita ce ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda ke rubuta cinikin gona, da aro, da jingina, suna kuma shata burtali. Ga waɗanda suka gama yaƙi da jahilci, aiki ya samu: kafin ɗan'uwa ya dangwala yatsa a takarda, a karanta masa ita a gaban shaidu. Ma'aikatan hukuma kuwa su dubi magajin garin Bottleneck. Kent bai fi ƙarfin doka ba sai da mai riƙe da dokar ya zauna cin abinci a gidansa.