Haɓon Da Ya Ƙi Tsayawa

Da hunturu ya kama, haɓo ya kan yawaita. Galibinsa daga bakin hanci ya ke fitowa, maganinsa kuwa a hannu ya ke: mutum ya zauna, ya sunkuya, ya matse hancinsa minti 15.

Amma akwai wani mugun iri wanda ya fi kama dattawa. Shi daga can ƙuryar hanci ya ke ɓullowa, jini ya riƙa gangarawa maƙogwaro. A zamanin da sai a cusa ƙyalle a hanci kwana da kwanaki. In ya faskara, a tsaga wuya a ɗaure babbar jijiya.

Yanzu an sami sauƙi, albarkacin siririn madubin da Harold Hopkins, mutumin Ingila, ya ƙago. Tun 1992 likitoci su ke zura shi cikin hanci da fitilarsa, su hango jijiyar da ke ɓarna, su danne ta da ɗan ƙarfe ko su ƙone ta. Babu yanka a fuska, kuma da wuya jinin ya komo.

Saboda haka, malamai da ma'aikata, haɓon da ya wuce minti 20 ba na jira ba ne. A garzaya asibiti.